Ba kowane kare mai tangaɗi ne mahaukaci ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku mai farin jini in yi magana kan wani abu da ke faruwa a garinmu na Tawa, wanda na tabbata yana faruwa a Yamai da sauran garuruwa. Karnuka suna cin ragowar kayan maye da matasa ke yarwa, sai su kama tangaɗi da dalalar yawu, jama'a kuma su ce haukar kare ce, su taru su kashe su da sanduna da duwatsu. Na san wani zai ce mutane na fama da kansu wa ke ta kare. Amma ni mai garka ne, albasa da tumatir nake nomawa a bayan gari, kuma ba don kare ba da ɓarayi da awaki sun daɗe da tashina daga sana'ar.

Kayan maye ba baƙi ba ne a wurinmu. A watan Maris na 2021 hukumar OCRTIS mai yaƙi da fataucin miyagun ƙwayoyi a Nijar ta kama tan 17 na ƙullin wiwi a Yamai, kowa ya ji a rediyo. Abin da rediyo ba ya faɗa shi ne wanda ke zube a ƙasa bayan an watse daga fada, wato wurin zaman hirar matasa: guntun wiwi, kwalin tramol da sauran ƙwaya ɗaya ko biyu a ciki, ragowar shayi ko Nescafé da aka narka ƙwaya a ciki, guntayen taba, ruwan shisha da aka zubar a gindin katanga. Kare da hanci yake kiwo, kuma duk abin da ya ji ƙamshin mai ko sukari a jikinsa zai lashe. Har bayan gidan mai shan ƙwaya, in ya yi shi a kango kare ya ci, yana iya bugar da shi, don wani kaso na abin yana fita ta nan.

Karena Duna jinin karnukan Azawak ne, dogayen nan masu siririn ciki da Buzaye ke farauta da su, daga wajen Abalak aka kawo mini shi yana ɗan kwikwiyo. Wata safiya cikin ɗari ya dawo daga yawonsa ƙafafun baya suna harɗewa. In ya tsaya sai ya riƙa lilo kamar zai faɗi, sai ya farga ya miƙe. Fitsari na ɗiga ba da saninsa ba, baƙin idonsa ya buɗe ƙwarai, kuma da na ajiye bokiti da ɗan ƙarfi sai ya zabura har ya kife. Kafin in ankara maƙwabtan garka sun iso, wani da gatari a kafaɗa, ana cewa "Malam, ya haukace, a gama da shi kafin ya ciji yara." Ban ga laifinsu ba, tsoro ne, kuma tsoron yana da dalili. Sai na ɗauko katin rigakafinsa na nuna musu, na ja shi da igiya zuwa ɗakin da nake ajiye injin ban ruwa, na rufe, na kira wani ma'aikacin kiwo da ke duba mana dabbobi.

Muna jiransa sai wani yaro daga cikin masu zama a fadar bakin hanya ya matso kusa da ni, murya ƙasa-ƙasa, ya ce, "Baba, don Allah kada ka faɗa wa tsohona. Jiya an dafa taliya da ganye a ciki, ragowar mun zuba bayan katanga, na ga karenka a wurin." Allah ya yi wa yaron nan albarka, ya kuma shirye shi. Maganarsa ce ta sa ma'aikacin bai yi ta lalube ba. Ya bayyana mana cewa wiwi ya fi bugar da kare fiye da mutum, kuma wanda aka dafa da mai ya fi ɗanyen ganye ƙarfi, don sinadarin a cikin mai yake narkewa. Alamun sukan fito cikin rabin awa zuwa ƴan awoyi, su ɗauki kwana ɗaya zuwa uku, kuma galibin karnuka suna tashi in an kula da su. Ya auna zafin jikinsa ya ga ya sauka ƙasa da digiri 38, alhali na lafiyayyen kare tsakanin 38 da 39 yake, ya ce a lulluɓe shi da buhu, a bar shi cikin duhu babu hayaniya. Duna ya warke sarai, yana nan yana gadinsa.

Tramol kuwa ya fi wiwi haɗari. Na asibiti miligiram 50 ne ko 100, amma wanda ake sayarwa a ɓoye akwai mai 120, da 200, da 225, har 250. Kare irin nawa nauyinsa bai wuce kilo 15 zuwa 25 ba, ƙwaya ɗaya daga cikin manyan nan ta zarce abin da likita zai auna masa, balle biyu ko uku. Yana iya kawo barci mai nauyi, amai, karkarwa, zafin jiki da jijjiga irin ta farfaɗiya, wani lokaci numfashi ya yi ƙasa. Guntayen taba da ruwan shisha su ma guba ne, cikin ƙasa da awa guda kare zai fara amai da rawar jiki. Waɗannan ba a zaman jira da su a gida.

Inda na fi so masu karatu su tsaya shi ne ɗura. Al'adarmu ce in dabba ta ci guba a danne ta a ɗura mata nono, ko manja, ko ruwan tsamiya, ko ruwan gishiri don ta yi amai. Karen da ke cikin maye ba ya iya haɗiya daidai, abin da aka ɗura sai ya bi ta maƙogwaron iska ya sauka a huhu, kare ya tsira daga ƙwaya ya mutu da ciwon huhu. Gishiri mai yawa shi kansa yana kashe kare. Mai da nono kuma ba sa karya wiwi. Sa kare amai aikin likita ne, yana yin sa ne in ba a daɗe da cin abin ba kuma karen yana cikin hayyacinsa. Akwai wani gawayi na musamman da likitoci ke bayarwa mai kama guba a cikin hanji, wanda ba shi ne gawayin murhu ba, kada wani ya daka na shayi ya ce ya yi magani. Kuma kada a ba shi maganin mutane don a kwantar da shi, ko farasitamol ne, yana lalata hantar kare.

Abin da mai kare zai iya yi da hannunsa kaɗan ne, amma yana da amfani. A kai shi inuwa, wuri mai shiru, nesa da rijiya da tafki da wuta. In ya kwanta ba ya motsi a juya shi ta gefe, kai ya ɗan yi ƙasa, don in ya yi amai ya fita waje. In lokacin bazara ne jikinsa ya yi zafi a jiƙa masa tafin ƙafa da ciki da ruwa mai ɗan sanyi. Ruwan sha a ajiye kusa, sai ya iya ɗaga kai ya sha da kansa. In ya kama jijjiga a janye abubuwa daga kusa da shi, kada a sa hannu ko sanda a bakinsa. A tsince kwalin ƙwayar ko ragowar abin a leda a nuna wa likita, a kuma faɗa masa gaskiya. Likitan dabbobi ba jandarma ba ne, so yake ya san allurar da zai yi da kuma ko sai an yi ƙarin ruwa. Na san gidan da suka ɓoye don kunyar a ce ɗansu na shan ƙwaya, karen ya mutu a hannunsu. Kuma ƙwayar da kare ya tsinta a tsakar gida, yaro mai rarrafe ma zai iya tsintar ta.

Ban ce a yi wasa da haukar kare ba, Allah ya kiyaye. Ciwo ne da in alamunsa suka bayyana a jikin mutum kusan babu tashi. Bambancin da aka koya mini shi ne maye yakan faɗo wa lafiyayyen kare farat ɗaya kuma ya riƙa sauƙi, ita kuwa hauka tana farawa da canjin hali, kullum tana ƙaruwa har mutuwa cikin kwanaki. Amma ido kaɗai ba ya yanke hukunci, shi ya sa nake cewa a killace kare a kira masani. In ya ciji wani ko ya yakushe shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a tafi asibiti a ranar, ko da ana zaton maye ne. Wanda ya yi wa karensa rigakafi tun yana wata uku, yana sabuntawa, ya ajiye katin, shi ne ke da bakin hana jama'a jifa.

Addininmu ya halatta riƙe kare don gadin gona, kiwo da farauta, kuma duk mun ji hadisin mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Ina roƙon malamanmu su riƙa tuna wa jama'a wannan. Ina roƙon gidajen rediyon Tawa, ranar 26 ga Yuni da ake maganar yaƙi da miyagun ƙwayoyi da ranar 28 ga Satumba ta haukar kare, su gayyato likitan dabbobi ya yi bayani da Hausa da Buzanci, a kuma faɗi inda mutum zai same shi in abin ya faru da dare. Ku kuma ƴaƴana na fada, fatana ku bar abin nan gaba ɗaya, amma kafin Allah ya kawo ranar, ku daina zubar da ragowarsa inda dabba da yaro za su kai baki.

Naku,
Wani mai garkar albasa,
Tawa.