Ina labarin dokar sasanci ta 2023?

Malam Edita, sallama. Wai ina labarin dokar sasanci, wato ta warware rikicin kasuwanci a wajen kotu, da Buhari ya sa wa hannu a Mayun 2023 dab da zai sauka, wadda ta maye gurbin ta 1988? Shiru kake ji, alhali a ciki har an yarda wani ya biya maka kuɗin lauya, in ka ci ku raba. Ni dai abin da ke ci mini rai kwangilar gas ɗin nan da Najeriya ta ƙulla da kamfanin P&ID, saura ƙiris mu biya dala biliyan 11 sai da kotun Landan ta soke hukuncin da masu sasanci suka yanke saboda zamba da cin hanci. Dokar ta yi kyau, amma jami'an da ke karɓar na goro su sa hannu a kwangila fa, wa zai kama su? Don Allah ku tambayo mana ma'aikatar shari'a.

Naku, mai karatu daga Kano.