Kaza a tukunyar yashi

Aboabo, Kumasi

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya iyali, yaya sanyin Jamus? Mu nan damina ta kankama, kwatar bayan gidanmu tana nan yadda ka bar ta.

Gyara zama ka sha labari: ranar Lahadi ni na yi wa gida abincin dare. Maman yara ta tafi Tamale duba Hajiya, ta bar ni da su uku. Kwana huɗu muna kan koko da ƙosai da safe, waakye, shinkafa da waken nan namu, da rana, da daddare ma waakye. Sai auta ta ce ita kazar tanda take so. Girman kai ya sa na ce to.

Ban sayi ta ƙanƙara ba. Ka san halina, waɗannan da ake shigowa da su a kwali daga Burazil da Turai, tunda ban ga mai yankan ba, raina ba ya kwanciya. Na gangara kasuwa neman mai rai. Har na kama ta gida, mai kajin ya ce, "Alhaji, wannan sai tukunya, in ta shiga tanda haƙoranka za su gaya maka." Ya zaɓo mini ta gidan gona, aka yanka aka fige, ta tashi wajen kilo ɗaya da rabi.

Na daka citta da tafarnuwa da albasa, kanumfari uku, masoro, da kpakpo shito, koren barkonon nan mai ƙamshi da kake kukan babu a can. Na zuba gishiri da lemon tsami da mai cokali biyu. Maman yara na kan waya tana ba da umarni: in tsane ruwan jikin kazar tas, in ba haka ba fatar ba za ta yi ja ba, in kuma cusa yajin ƙarƙashin fata, kada in tsaya shafe-shafe a sama. Na bar ta awa biyu ta sha yaji, na shimfiɗa mata dankali da karas, na sa tanda a digiri 200. Ta ce awa ɗaya da kwata.

Minti ashirin da sawa aka ɗauke wuta. Dumsor dai da ka sani, bai manta hanyar gidanmu ba. Ga kaza rabi ɗanya, ga yara sun zuba mini ido.

Inna ta ɗakin ƙofa ce ta fid da ni kunya. Ka tuna ta, mai gasa kek ɗin biki tun muna makarantar allo. Ta ce, "Ɗana, ɗauko babbar tukunyar suna." Muka zuba yashi a ciki, muka ɗora a kurfoti har ya yi zafi, ta aza farantin kazar a kan gwangwanin madara uku don kada gindin ya ƙone, ta rufe, ta kwaso garwashi ta jera a kan murfi. Ta ce kada in buɗe. Na buɗe sau biyu. A na uku ta buge mini hannu da mafici, a gaban yarana. Bayan kamar awa ɗaya ta soka wuƙa a cinya, ruwa ya fito garau babu jini, ta ce ta yi, amma a bar ta ta huta minti goma kafin a yanka.

Da shinkafa da shito, soyayyen baƙin yajin nan namu, muka ci, a tsakar gida, da fitilar waya. Inna ta ɗauki cinya, gefen da ya ɗan ƙone ya faɗo kaina. Muna wanke kwanuka wuta ta dawo.

Na so in ce wa maman yara duk aikina ne, ashe auta ta riga ni waya. In ka samu mai zuwa wajenku kafin Sallah, gaya mini in aiko maka da shito. Ka gaishe da uwargida da yara.

Naka,
abokinka na Aboabo