Sanarwa: Liyafar Cin Abincin Dare ta Zumunci

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da hutu.

Za mu yi liyafar cin abincin dare ranar 30 ga Yuli, ƙarfe 7:00 na yamma, a zauren da muka saba taruwa. Da gangan aka zaɓi ranar, domin ita ce Ranar Abota ta Duniya da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 2011.

Kowa ya zo da abin da ya sawwaƙa. A rubuta suna a jikin kwano, kada a wayi gari ana cigiyar murfi a nan. Wanda akwai abincin da jikinsa ba ya karɓa ya sanar da kwamiti tun yanzu.

Muna roƙon kowa ya gayyato mutum ɗaya da ba ya cikin rukunin nan, musamman sabon maƙwabci ko dattijon da ke zaune shi kaɗai. Za a cakuɗa wurin zama, don haka aminan da ba sa rabuwa su yi haƙuri na dare ɗaya.

Masu zuwa su turo adadin mutanensu kafin 25 ga wata. Ana kuma neman matasa masu jera kujeru.