Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin da ke rubuta 8GB a kwalin wayar 4GB

Zuwa ga Manajan Kasuwanci,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa. Mu masu gyaran waya ne a kasuwar Farm Centre da ke Kano, kuma ƙorafinmu a kan ƙaramar wayarku ce mai araha, wadda kuka buga wa 8GB RAM da manyan baƙaƙe a gaban kwali, RAM kuwa shi ne ƙwaƙwalwar da waya ke riƙe manhajojin da ke buɗe a cikinta.

Mun kwance ta, mun duba fanel, wato allon da kayan cikin wayar ke manne a kai. RAM ɗin da ke ciki 4GB ne. Sauran 4GB ɗin aro ne daga ma'adanar wayar, abin da kuka ɓoye a gefen kwali da ƙananan rubutu, 4+4. Wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. RAM irin LPDDR4X yana kai bayanai da komowa cikin gigabait da yawa a daƙiƙa ɗaya, ita kuwa ma'adanar eMMC 5.1 da kuka sa iyakarta megabait 400 a daƙiƙa, a aikace ma ba ta kaiwa. Shi ya sa da mutum ya buɗe WhatsApp da TikTok da manhajar banki a tare, wayar sai ta sandare, ya koma banki ya tarar an fitar da shi a tsakiyar tura kuɗi. Ga shi kuma yawan rubutu da gogewa yana cinye ƙarfin eMMC, kuma a jikin fanel take, sauya ta sai da injin zafi da gwanin hannu. Sau da yawa kuɗin aikin ya kusa rabin kuɗin wayar.

Aron nan daga cikin 64GB na ma'adanar wayar ake yankarsa, bayan Android da manhajojin da kuka cusa, waɗanda ba sa goguwa, sun riga sun ci nasu kason.

Kyamara ma haka. Zobe uku a baya, ɗaya ne kawai ke ɗaukar hoto.

Sai caja. Batir 5000mAh kuka haɗa da caja mai wat 10, cikarsa sai kusan awa uku. A garin da wuta ke zuwa ta ɗauke ba sallama, mai waya dole ya kai ta shagon caji, inda ake soka mata kowace irin igiya, har bakin cajin ya saki. Ƙaramin fanel ɗin bakin cajin kuwa ba kwa kawo shi kasuwa, sai dai mu ciro daga matacciyar waya.

Muna roƙon ku rubuta 4GB a gaban kwali da girman da kuka rubuta 8, ku faɗi irin ma'adanar, ku bar aron RAM a kashe sai mai waya ya kunna da kansa, ku kuma wadata dillalanku da fanel ɗin caji da sikirin. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta hana bayanin kaya mai yaudara, kuma idan kwalin bai canza ba, za mu kai maganar gaban FCCPC, hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye.

Naku,
Wasu masu gyaran waya, Farm Centre, Kano