Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Tsaro, Janar Christopher Musa: Ina Rahoton Jirgin Attahiru?

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na ɗauki alƙalami ne a kan Laftanar Janar Ibrahim Attahiru, Allah ya jiƙansa, da mutum goma da suka rasu tare da shi ranar Juma'a 21 ga Mayu, 2021, sa'ilin da jirgin sojan sama ya faɗi kusa da filin jirgin Kaduna. Zariya suka nufa, bikin yaye kuratan soja da za a yi washegari. A cikinsu akwai birgediya janar uku.

Ba sai na ba ka labarinsa ba, amma yara masu tasowa suna bukatar ji. Ɗan yankin Doka ne a Kaduna, an haife shi a 1966. Ya yi aikin kiyaye zaman lafiya a Laberiya da Saliyo, ya riƙe runduna ta 82 a Enugu, sannan a 2017 aka ɗora masa jagorancin Lafiya Dole, wato yaƙi da Boko Haram, a Maiduguri. Nan ne ya sha ɗaci. Aka ba da wa'adin kwana 40 a kamo Shekau, ba a kamo shi ba, hare-hare suka ci gaba har da na masallacin Mubi, kafin shekara ta ƙare aka sauke shi. Wani da tuni ya koma gefe yana ƙorafi a jarida. Shi ya sara, ya tafi inda aka tura shi, ya ci gaba da aiki. Wannan haƙurin ne ya fi burge ni a tarihinsa, fiye da lambobin da ke ƙirjinsa, har da lambar girmamawa ta ƙasa, CFR, da aka ba shi a 2022 bayan ya kwanta dama.

Da Shugaba Buhari ya naɗa shi babban hafsan sojan ƙasa ranar 26 ga Janairu, 2021, bai yi zaman ofis ba. A Fabrairu ya isa Dikwa, ya tsaya a gaban dakaru ya ba su awa 48 su ƙwato garin Marte daga hannun 'yan ta'adda, suka ƙwato shi. A Afrilu ya sauya wa yaƙin Lafiya Dole suna zuwa Haɗin Kai, don ya gane cewa sojan ƙasa shi kaɗai ba zai gama da wannan fitina ba, sai da na sama da sauran jami'an tsaro da mutanen gari. A watan ne kuma 'yan majalisa suka titsiye shi kan kuɗin makamai, ya ce musu a kira waɗanda suka kashe kuɗin su yi bayani. Duk wannan cikin ƙasa da wata huɗu.

Yallaɓai, kai wannan rashi ya taɓa ka kai tsaye. Mutuwarsa ce ta ɗauke Janar Faruk Yahaya daga Maiduguri zuwa Abuja ya maye gurbinsa, kai kuma ka gaji kujerar Haɗin Kai da ya bari. Shi ya sa na zaɓi in rubuto maka.

A Satumbar 2021 hukumar binciken haɗurran jiragen sama ta miƙa wa rundunar sojan sama rahoton wucin gadi. Cikakkensa har yau ba mu gan shi ba. Wata uku kacal kafin haɗarin Kaduna, jirgi irin wannan ya faɗi a Abuja ya ci rai bakwai. Musulmi da Kirista duk mun yarda ajali ba ya wuce lokacinsa, amma yarda da ƙaddara ba ta hana a tambayi dalili. Yanayi ne? Inji ne? Kuskuren wani ne? Shirun nan shi ke ciyar da jita-jita a majalisun shayi da shafukan Facebook, kuma matan mamatan da marayunsu su ke kwana da ita a zuciya. Saje da ƙananan ma'aikatan jirgin da ba kowa ke tuna sunansu ba, iyayensu ma suna da haƙƙin sani.

Roƙona shi ne ka sa a kammala rahoton a fitar da shi. Abin da ya shafi sirrin tsaro a rufe shi, sauran a bari jama'a su karanta. A faɗa mana gyaran da aka yi wa jiragen da ke ɗaukar hafsoshinmu tun daga ranar. A kuma duba iyalan mutum goma sha ɗayan nan gida-gida, a tabbatar haƙƙoƙinsu sun isa hannunsu.

Allah ya yi maka jagora. Ina sauraron amsarka.