Fim ɗin Sister George ya wuce batun maɗigo kaɗai

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Na ga a shafinku na nishaɗi an ambaci The Killing of Sister George, fim ɗin 1968, aka taƙaita shi da cewa na 'yan maɗigo ne. Ban ce ƙarya aka yi ba, amma an bar jaki ana dukan taiki. Ƙashin bayan labarin shi ne yadda gidan talabijin ke raba gari da tauraron da ya fara yi masa nauyi.

June Buckridge, rawar da Beryl Reid ta taka, ta daɗe tana fitowa a wasa mai dogon zango a matsayin Sister George, nas mai kirki da ke zaga ƙauye a kan ɗan babur. Sunan ya bi ta har gida. A zahiri kuwa mashayiya ce mai zafin kai. Ku duba yadda aka kayar da ita. Ta yi tatul, ta faɗa cikin tasi ta ci zarafin wasu sistocin coci biyu, ƙorafi ya kai ofis. Jami'ar gidan, Mercy Croft, ta zo mata da murmushi da tattausan lafazi, ta sa ta rubuta takardar ban haƙuri. Can sai marubuta suka kwantar da Sister George rashin lafiya a cikin labari. Daga ƙarshe suka sa babbar mota ta buge ta. Ba wanda ya furta kalmar kora. Alƙalami ne ya yi aikin. Abin da aka yi mata tayi a madadi, muryar saniya a shirin yara.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a Ingila. Ranar 22 ga Satumba 1955, daren da tashar ITV ta fara aiki, BBC ta kashe Grace Archer a gobara cikin wasanta na rediyo, hankalin jama'a ya koma can.

Inda fim ɗin ya fi ciwo shi ne cikin gida. Wulaƙancin da George ke haɗiya a wurin aiki, a kan Childie, masoyiyarta kuma abokiyar zamanta, take sauke shi, mace mai shekara 32 da ke zaune cikin 'yan tsana kamar ƙaramar yarinya. Akwai wurin da ta sa ta durƙusa ta tauna guntun sigarinta. Childie ta fara taunawa tana yamutsa fuska, sai kuma ta rikiɗe tana nuna daɗi take ji, da gangan, don ta ɓata wa George hukuncin. Croft ma ba ceto ta kawo ba. Ta yaba wa waƙoƙin da Childie ke rubutawa, ta janye ta, aiki da abokiyar zama duka suka suɓuce wa George a hannun mutum ɗaya.

Gyara guda: ana kiransa fim ɗin Birtaniya, alhali daraktansa Robert Aldrich Ba'amurke ne, ko da yake wasan dandamali na Frank Marcus da aka ciro shi daga ciki na Ingila ne, an kuma ɗauki wani sashe a kulob ɗin Gateways da ke Chelsea a Landan. Fitowa ɗaya ta batsa, wadda Aldrich ya ƙara kusa da ƙarshe, ita ta jawo masa tambarin X, wato na manya kawai, a Amurka da rigima da hukumar tace fina-finai ta Birtaniya. Ita ce kuma, a ganina, ta rufe wa mutane ido daga aikin Beryl Reid, wadda ta riga ta ci kyautar Tony ta wasan dandamali a 1967 da wannan rawa.

Naku,
Wani mai nazarin fina-finai, Zariya