Ya goge min labarina, ga shi an sa mana rana

Assalamu alaikum Anti, sannu da aiki. Don Allah ki sakaya sunana. Raina a ɓace nake wannan rubutu, tun shekaranjiya abinci ya ƙi shiga.

A Agege ta Legas aka haife ni, amma iyayena Zazzagawa ne. Ina rubuta labari a waya, ina sakawa a guruf ɗinmu na WhatsApp, masu karatu su turo ɗan abin da ya samu. Ba na soyayya ba ne irin wanda aka saba. Legas ce bayan teku ya cinye ta, Lekki da Ikoyi sun nutse, babu wuta babu hukuma, waɗanda suka tsira sun tare a kan gadar Third Mainland, sun kafa rumfuna da buhuna da tsofaffin ƙofofin motocin haya na danfo. Jarumar 'yar shekara 17 ce, mahaifinta tumatur yake sayarwa a kasuwar Mile 12. Ta koyi tuƙa kwalekwale a wurin mutanen Makoko masu zama a kan ruwa, ita kaɗai aljanun ruwa ke bari ta wuce ta samo wa jama'a ruwan sha. Tun ambaliyar Maiduguri ta Satumba 2024, da dam ɗin Alau ya ɓalle, abin yake cin raina, don ƙanwar mamata na can, da kayan jikinta kawai ta fita.

To shi wanda zan aura, da ya zo zance sai ya ce cajinsa ya ƙare, in ara masa wayata. Na shiga kawo masa ruwa, Mama ta tsayar da ni wani aiki. Kafin in fito ya goge komai, har babukan da ban saki ba. Ko kunya babu ya miƙo min, wai ya raba ni da zunubi, wai ina shiga hurumin Allah ina siffanta tashin duniya. Anti, na yi Islamiyya, na san bambanci. Nawa bala'i ne ya sauka, wasu suka rayu, ai ko a ruwan Ɗufana an samu waɗanda suka tsira.

Kuma wallahi ba wannan ne ya dame shi ba. Ashe ƙanwarsa na cikin guruf ɗin, ita ke kai masa rahoto. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne a labarin mace tana ba maza umarni, tana raba musu aiki. Ya ce da kaina nake. Mutumin da ke kai ƙarfe ɗayan dare a gidan ƙwallo! Mu da kakarmu ta rene mu da labarin Sarauniya Amina, shi ne za a ce na ɗauko tarbiyyar Turawa?

Na manta ban faɗa miki ba, lefe ya riga ya zo, bayan babbar salla za a ɗaura. Baba yana ganin girmansa ƙwarai, kuma bai san ina rubutu ba.

Masu karatu suna ta kirana, wasu sun biya har ƙarshen littafi, kuɗin kuma sun tafi a makarantar ƙanena. Labarin yana kaina, zan iya sake shi, sai dai a ɓoye. Anti, wanda ya yi min haka tun ina gidanmu, idan na shiga ɗakinsa fa? In na kai maganar gaban Baba, ta ina zan fara?